Karkarar da ke Cikin Ganuwar Zariya

Waɗanda suka ja layin ganuwar Zariya ba gidaje kaɗai suka yi niyyar kewayewa ba. Sun haɗa da gonaki da fadamu da ƙoramu da makiyaya, har da dutse sukutum, wato Madarkaci, duk suka zuba su cikin da'ira ɗaya mai tsawon kilomita 14 zuwa 16, gwargwadon inda mai awo ya bi. Lissafin yaƙi ne ya sa haka. In abokan gaba suka yi wa gari zobe aka rufe ƙofofi, dole mutanen ciki da na ƙauyukan da suka gudo su sami inda za su shuka dawa, su ɗaure shanu, su ɗebi ruwa, har Allah ya kawo sauƙi. Saboda haka birnin da muka gada karkara ce da aka yi wa katanga. Unguwanni a warwatse suke, kowace da halin ƙaramin ƙauye, tsakanin wannan da waccan akwai gona ko kududdufi ko jerin rimaye. Wannan karkara ta cikin ganuwa ce ta ɓace a kan idonmu, kuma a ganina ɓacewarta ta fi duk sauye-sauyen da ake yawan lissafawa girma, duk da ba a cika zancenta ba.

Sai an san ƙasar ake gane garin. Zariya tana zaune a kan shimfiɗaɗɗen tudu da ya ɗara mita 600 bisa teku, shi ya sa sanyin hunturunta yake shiga ƙashi. Nan da can manyan duwatsu sun ɓullo daga ƙasa, kowanne tsaye shi kaɗai: Kufena a yamma, Tukur-Tukur, da Madarkacin nan na cikin gari. A tsakaninsu ruwa ya sassaƙa kwaruruka. Rafin Kubanni ya taso daga wajen Shika, ya ratsa Samaru, ya bi ta arewacin birni, ya je ya faɗa Galma. Galma kuwa ya nausa kudu ya haɗu da kogin Kaduna. Saye yana kudu da gari, Kamaca kuma ta ciki yake bi. Damina takan yi wata biyar, ruwan shekara yakan kai milimita 1,000 ko ya ɗan haura, ya fi na Kano da Katsina. Shi ya sa dawa ta fi gero ƙarfi a rumbun Bazazzagi, kuma manominmu ya saba da ƙasa iri biyu. Akwai tudu, inda ake dawa da gyaɗa da auduga da damina. Akwai fadama, inda ake rake da shinkafa da gwaza, in rani ya yi kuma a kafa jigo a yi lambu. Mai tudu kaɗai rabin shekara yake noma. Mai fadama ba ya hutu, amma da wuya ka ji ya ci bashin hatsi.

Tarihin baka ya ce kafin a zo nan sarautar Zazzau ta zauna a Turunku, kudu da Zariya, a gindin duwatsu, zamanin Bakwa Turunku, wajen 1536 bisa lissafin jerin sarakuna. Daga can aka matso Kufena, daga Kufena aka sauko inda ake yanzu, aka raɗa wa garin sunan Zariya, ƙanwar Sarauniya Amina. Masana sun daɗe suna ja-in-ja kan zamanin Amina kanta, domin Tarihin Kano ya ajiye ta a farkon ƙarni na 15, lokacin Sarki Dauda, wasu kuma suna kai ta ƙarshen ƙarni na 16. A bar su da shekarunsu, a dubi hanyar da ƙaurar ta bi. Dutse yana ba da mafaka amma ba ya ciyar da jama'a mai yawa, an ma ce ƙarancin ruwa ne ya tashi Turunku. Da mutane suka ƙaru sai aka bar tsaron da Allah ya gina, aka sauko kwari aka gina na ƙasa da hannu. Turunku tana nan har yau, ƙaramin garin manoma, da ragowar ganuwarta a cikin ciyawa. Ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Igabi, amma Rigasa, wadda take cikin hukumar a gefen Kaduna, ta ninninka ta jama'a. Hanya da kasuwa sun kauce mata tun tuni.

Wajen 1808 mutanen jihadi, da Malam Musa a gaba, suka ci birnin. Sarki Makau ya fita da jama'arsa ya yi kudu, ƙaninsa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda ita ce Suleja ta yau. Waɗanda suka gaji garin suka kasu gida huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, sarauta tana zagayawa a tsakaninsu, kowane gida da unguwanninsa da gandayensa. A nan akwai abin da ba mu cika son faɗa a wajen taro ba. Gandayen nan da ƙauyukan rinji da suka kewaye birni, bayin da aka kamo daga ƙasashen kudu su ne ƙashin bayan nomansu. Yawan jama'ar Zazzau a ƙarni na 19 ba haihuwa kaɗai ta kawo shi ba. Duk wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a Giwa aka buga a 1954, ya ga yadda zaman rinji yake, da yadda 'ya'yan bayi da na iyayen gijinsu suka tashi wuri ɗaya. A cikin wannan zamani, a 1826, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya shigo garin. Ya ƙiyasta mutanensa tsakanin 40,000 da 50,000, kuma abin da ya cika masa ido a cikin ganuwa shi ne gonaki da fadamu da dogayen itatuwa. Da duk wannan jama'a, fili bai ƙare ba.

Mu da muka yi wayo kafin kuɗin man fetur su sauya wa garuruwan Arewa kama, mun tarar da ragowar wannan zama. In ka shigo ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana da kaka, sai ka yi tafiya mai ɗan nisa tsakanin karan dawa kafin ka ga zauren farko. Mutum ɗan birni ne gaba da baya, ga rawani ga karatu, amma da asuba in ya idar da wuridi fartanya yake saɓawa, kuma daga gonarsa yana jin ladanin unguwarsu. Malamin zaure yana noma, mai ɗinkin babbar riga yana noma, marini a Karauka yana noma. Sana'a ta rani ce, damina kuwa ta gona.

Abin da ya riƙe wannan zama shi ne kududdufi, wanda yau ba a ambatonsa sai an yamutsa fuska. Magini ya haƙi jar ƙasa ya yi tubali, ramin da ya bari ya zama matattarar ruwan unguwa. Ruwan indararo ya bi lungu ya gangara can, maimakon ya kwanta a gindin katanga ya jiƙa ta. Da rani a shayar da jakuna da tumaki, a kwaɓa ƙasar yaɓe, a yi ɗan lambu a gefe, yara su kama tarwaɗa. Jujin gida kuwa, toka da kashin awaki da shara, ba a rasa inda za a kai shi, domin jaki yana kwashe shi a mangala zuwa gona kafin ruwan shuka. Gida ya fito daga rami, ruwan gidan ya koma ramin, shara ta tafi gona, gona ta dawo rumbu. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan a takarda, amma yana aiki, kuma ya yi ɗaruruwan shekaru yana aiki. Da irin wannan ƙasa Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, ya ɗaga bakan gizo a ciki da azara da laka, aikin da masana gini daga ƙasashe suke zuwa kallo. Ya tsaya sama da shekara 170 kafin wani sashe ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023. Allah ya jiƙansu da rahama.

Sai rimi. Daga nesa matafiyi da rimaye yake gane ya kusa Zariya. In kwalluwar ta fashe da rani sai audugar ta bi iska ta cika lunguna, mata da yara su tsince ta a cusa matashi da katifa. Rimin Tsiwa, Rimin Doko, Rimin Danza, Fadamar Bono, duk unguwanni ne yanzu masu cike da bulo da kwano, kuma a wurare da dama suna ne kawai ya rage.

Abin mamaki, zuwan Turawa bai taɓa wannan karkara da wuri ba, jinkirta mutuwarta ma ya yi. Sojojinsu sun shigo a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903. A 1911 jirgin ƙasa daga Baro ya bi ta Zariya ya isa Kano, daga baya aka ja reshe zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957, da wani zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Amma tashar jirgi da kantuna da injin gurzar auduga da bariki duk a hayin Kubanni aka ajiye su. Mutanen Kudu da suka zo aikin dogo da kanti aka ba su Sabon Gari, baƙi 'yan Arewa suka zauna Tudun Wada, mishan ɗin Likita Mila da ya fara zama a cikin birni aka mayar da shi Wusasa, gindin Kufena, a 1929. Birni aka bar wa Sarki da alƙalinsa. Niyyar Turawa ita ce kada jama'a su cakuɗu su gagari mulki, kuma wannan rabo ya bar mana miki da har yau bai gama warkewa ba. Amma ta wani gefen, duk wata sabuwar jama'a a waje take sauka, gonakin ciki suka ƙara samun shekara hamsin ko sittin suna shan iska.

Makarantu da ma'aikatu ma waje suka bi. Gidan gonar bincike na Samaru a 1922, na dabbobi a Shika a 1928, Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, Kwalejin Barewa ta taso daga Kaduna a 1949, Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, makarantar koyon tuƙin jirgin sama a 1964. Kowace ta jawo leburori da masu abinci da masu gidan haya, sai ƙauyukan kwarin Kubanni suka fara kumbura. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Hanwa. A 1966 zuwa 1967 wani masani daga Samaru, David Norman, ya zaɓi ƙauyuka uku don nazarin yadda manomin Zazzau yake rayuwa: Ɗan Mahawayi, da Doka, da Hanwa. A nan ya tabbatar da abin da kakanninmu suka sani ba tare da alƙalami ba, cewa haɗa dawa da gero da wake a gona ɗaya dabara ce da take kare manomi daga asara, ba jahilci ba. Hanwar da aka yi wannan bincike ƙauye ce ta noma da shanu. Yau duk wanda ya ce zai tafi Hanwa ya yi nazarin karkara, dariya za a yi masa, domin unguwa ce a tsakiyar gari, da gidajen sama da shagunan sayar da waya. Abin da ya sami Hanwa ya sami Palladan da Kwangila da Gyallesu, yana kuma bin Bomo da Basawa. Da asibitin koyarwa ya koma Shika a 2005, sai gini ya ƙara bin wannan hanya.

A cikin ganuwa kuwa babu wata ma'aikata da ta cinye gonaki. Mu muka cinye su, a hankali, ta hanyar halal. Agana ta tafi, rigakafi ya rage ƙyanda, yaran da da ake binnewa suka rayu suka yi aure. Gandu ya watse, kowane ɗa yana son ƙofarsa. In magidanci ya rasu aka zo rabon gado, gidan da yake da zaure da shigifa da turaka da garke sai a yanka shi gida biyar, gonar bayan gida kuma a sa mata kuɗi tun da ba ta rabuwa. Na taɓa tambayar wani kawuna dalilin da ya sa suka rabu da tasu. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, magada sun fi kunyoyin gonar yawa. Ka ce in hana marayu haƙƙinsu don kai ka riƙa zuwa shan iska?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu." Ba ni da amsa, kuma har yau ban ga wanda yake da ita ba. Birni ya zama kamar zauren ɗaurin aure, kowa ya sami wurin zama amma ba mai iya miƙe ƙafa.

Ba na cikin masu cewa da can aljanna ce. Kududdufin da na yaba shi ne gidan sauro, shi yake ba yara tsargiya, kuma ya ci 'ya'yan mutane da dama da damina. Ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara, wanda ya gaji da wannan wahala ya sayi bulo bai yi laifi ba. Inda nake ganin an yi sake shi ne wajen ruwa, tun da tun ran gini ran zane. Da jaki ya daina kai juji gona, kuma leda ta shigo wadda ba ta ruɓewa, sai kududdufai suka zama bola. Da suka cika sai aka daddale su aka yanka fuloti. Aka matse ƙoramu da katanga hagu da dama, aka yi gini a tsakiyar fadama. Ruwan sama bai ragu ba, yana nan yadda yake sauka, amma ramin da zai karɓe shi babu, ƙasar da za ta tsotse shi an rufe ta da siminti. Sai ya bi tsohuwar hanyarsa, ko da ɗakin wani ne a kanta. A watan Agusta kowace shekara ana jin katanga ta faɗi, soro ya zauna. Da rani kuma labari ya juye, gari mai rafuka huɗu da madatsun ruwa biyu, ɗaya a kan Kubanni ɗaya a kan Galma, duka tun tsakiyar shekarun 1970, ya koma jiran 'yan garuwa da rijiyar burtsatse. A gidan da aka yanka biyar, rijiya da masai sun zama maƙwabta, abin da tsofaffi ba sa taɓa yarda da shi.

Ganuwar kanta an ci ta ta ciki da ta waje. Wasu sun haƙe ta sun yi tubali, wasu sun hau kanta sun yi gini. Ƙofofin, irin su Doka da Kibo da Kona da Jatau da Bai da Galadima, sunayen mahaɗa da tashar mota suka zama. Ɗan birnin da har yanzu yake noma sai ya hau babur ya yi tafiya mai nisa, kuma a shekarun nan ba kowace gona ake iya zuwa ba. A 2021 masu satar mutane sun kai har unguwannin bayan Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona.

To mu nawa ne yanzu? Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Zariya mutum sama da 400,000, ta ba Sabon Gari kusan 290,000, kuma lissafin Zariya ya haɗa birni da Tudun Wada da ƙauyukan Dutsen Abba da Wuciciri da Dambo. Tun daga nan ba a sake ƙirga mu ba, ƙidayar da aka shirya a 2023 ma ɗage ta aka yi. Yaron da aka haifa ranar waccan ƙidaya yanzu ya isa neman wurin da zai gina ɗaki. A da akwai wani lissafi na daban. Mai unguwa ya san kowane magidanci da yawan baligan gidansa, dagaci ya san na ƙauyensa, hakimi ya tattara ya kai fada, duk saboda haraji. Da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a farkon jamhuriya ta biyu, talakawa sun yi murna, kuma suna da gaskiya, domin an sha azaba a kansa. Sai dai littafin ƙirgan ya tafi tare da harajin, ba a kawo wani a madadinsa ba. Yau ana shimfiɗa bututun ruwa da gina azuzuwa ne bisa ƙiyasi, mai unguwa kuma yakan ga baƙuwar fuska a lungunsa ya tambaya, a ce masa ai ɗan haya ne, ya shekara uku a nan.

Karkarar da ta rage ta koma gabas, kwarin Galma. A can har yanzu ana rake da masara da tumatir da albasa, injin ban ruwa ya gaji jigo, kuma kayan miyan da ake kasawa a kasuwar birni da ta Sabon Gari da yawansu daga irin waɗannan fadamu suke fitowa. Dillalan fuloti sun riga sun isa Dakace da Dambo. Filin bakin titi suke fara nema, na bakin ruwa sai in wancan ya ƙare, kuma shi ya fi araha, saboda haka talaka ne yake saye.